Hasumiyar Tanko

Idan ka shigo Gazara ka tambayi gidan Malam Ja'afaru magini, za a ce maka, "Au, gidan su Tanko?" Ba mai ce maka gidan su Yahuza. Alhali ni ne Yahuza, ni ne kuma babba a gidan. Na riga Tanko zuwa duniya, na riga shi riƙe cokalin gini, na riga shi aure, har furfura na riga shi. Duk bai ƙara mini komai ba. To, tunda labarinsa ake so, zan bayar, don ba wanda ya san shi kamar ni. Amma kada a sa ran zan yi masa kwalliya.

Bayan ni, mata uku Inna ta jero sannan shi ya zo, shi ya sa sunan yankansa ya ɓace, Tanko ya bi shi. Ni kuwa ɗan fari ne, kowa kuma ya san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Kunya ce, in ji manya. Har yau da na aurar da 'ya, in Baba yana nemana sai ya ce, "Ina yaron nan?" Na san al'ada ce, ba sai an tuna mini ba. Amma sanin al'ada bai taɓa hana ƙirjina zafi ba in na ga Baba ya saɓa Tanko a kafaɗa yana zagaya gini da shi, yana ce wa leburori, "Ga maginin gobe." Abu ɗaya na nema a wajen tsohon nan tun ina yaro, ya dubi aikin hannuna ya ce ya yi. Ko sau ɗaya ne.

Da muka tasa sai Baba ya raba mana aiki. Tanko na sama, ni na ƙasa. Na ƙasa shi ne mai kafa dandamalin da magini ke tsayawa a kai, wanda 'yan aiki ke ce wa sikafo. Ka haƙa rami ka kafa gora, ka gitta wata, ka ɗaure da igiya, ka buga ƙusa, ka shimfiɗa katako, gini na tashi kana binsa da wani hawan. Ran mutum a kan ɗaurinka yake. Amma ranar da aka gama gini, abin da mai gida zai fara cewa shi ne, "A kwashe tarkacen nan." Tarkacen nan kuwa shi ne aikina. Na iya jera bulo, wallahi na iya, katangu nawa na ja a garin nan. Sai dai katanga ba ta sa mutum ya ɗaga kai.

Shi kuwa gogan naku, in ya hau sama sai ka rantse a can aka haife shi. Silifas a ƙafa, hula a karkace, yana tafiya a kan katako kamar mai zagaya tsakar gidansu. Ba ya aiki shiru. Ko yana waƙa, ko yana tsokanar mai kunun da ke wucewa, ko yana kwaikwayon muryar mai gidan in ya ba da baya. Leburori har rige-rigen aiki da shi suke yi. Abin haushin ma, hannunsa na da kyau. Wannan ko ni ba zan ƙaryata ba. In ya tayar da kusurwa, kawo igiyar awo ka gwada, ba za ka samu abin gyara ba. Na sha gwadawa bayan ya tafi salla.

Da damina manomi ne kamar kowa, dawa da masara da ɗan rake a fadama. Da an kai amfani gida sai waya ta fara ƙara. Mai shaguna a Ikara, mai bene a Makarfi, wanda ya sayar da dankali a Kudan yana son ya ƙara ɗaki. Duk wayarsa ake kira. Ni sai dai ya leƙo zaure ya ce, "Yaya, a shirya gora, gobe Ikara." Mu tafi a kan babur ɗaya, shi ke tuƙi. In mun dawo, Baba na zaune a ƙofar gida, ido ya fara rauni amma kunne garau, ya ce, "Tanko, ina aka kai?" Tanko ya zauna ya zayyana masa bulo bayan bulo, suna dariya. Ni in gaishe shi, ya amsa da "Madalla," in wuce ciki.

Kada a ce mugu ne. Da ma mugu ne da na huta. Ya sayo tsire ya fara miƙo mini. Matata Asibi ta yi rashin lafiya, shi ya goya ta a babur har asibiti. Ba abin da ke cin rai kamar ka ji haushin mutum, ka nemi laifinsa ka rasa. Gari kuma ya daɗe da gane ni. In ana yabonsa a majalisa sai wani ya dube ni ta gefen ido ya ce, "A bar maganar, Yahuza na nan." A yi dariya, ni ma in yi yaƙe.

Ranin da ya wuce wancan, jama'ar unguwarmu suka ce masallacinmu na Juma'a ya isa a yi masa hasumiya, don lasifika a kan bishiyar darbejiya take rataye tun ina saurayi. Aikin gayya aka ce. Liman ya yi shela, kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa. Wani yashi, wani bulo, mata suka ɗauki ɗiban ruwa, wanda ba shi da komai ya kawo gora ko katako a kafa dandamali. A irin wannan aikin ba a mayar wa mutum da abinsa. Ladansa ya zo nema, wane ne kai da za ka tare masa hanya? In aka kawo mini ruɓaɓɓiyar gora sai in karɓa da hannu biyu in yi godiya, in lallaɓa in sa ta a ƙasa inda ba ta ɗauke da komai. Mai ita ya wuce ya gan ta a jikin masallaci, ransa ya yi fari, ni ma hankalina a kwance.

Gini ya wuce rufin masallaci sosai ranar da Baba ya zo da nasa. Wani dogon katako ne mai kauri, wanda ya yi aiki da shi tun yana da ƙarfinsa, ya jingine shi bayan rumbu shekara da shekaru. Da kansa ya jawo shi, ya ƙi yarda kowa ya kama masa, yana nishi yana murmushi. Jama'a suka yi ta "Sannu Malam, Allah ya ba da lada." Na karɓa, na ji bai kai nauyin da ya kamata ba. Na ɗan ƙwanƙwasa shi da guduma, ya amsa mini kamar ganga. A waje lafiya lau, a ciki gara ta gama biki.

Na ce, "Baba, an gode. Zan sa shi a nan ƙasa, wajen ajiye kwanon kwaɓi."

Kafin Baba ya buɗe baki, Tanko ya leƙo daga sama. "Haba Yaya! Katakon Baba a ƙasa? Miƙo shi nan. A kansa zan tsaya in ƙarasa hasumiyar nan, in sha Allahu."

Aka ɗauki kabbara. Baba ya ɗaga kai wajen muryar, fuskarsa ta cika da haske irin wanda ban taɓa jawo mata ba. To, ni in ce me? In tsaya a gaban liman da dattawa in ce sadakar ubana ruɓaɓɓiya ce?

Na jira aka watse, na ja Tanko bayan masallaci. Na ce masa katakon nan ba zai ɗauki mutum ba, na ba shi guduma ya buga da kansa. Bai ko karɓa ba. Ya dafa kafaɗata yana dariya.

"Yaya, katakon da ya ɗauki Baba shekaru, ni ne zai kasa ɗauka? Dubi ni fa, ko buhun masara ban kai ba."

"Ba kai kaɗai zai ɗauka ba. Ga bulo, ga kwaɓi."

"Ka ga yadda ya yi murna kuwa? Don Allah, Yaya, ka bar wannan abin naka ko na yini ɗaya ne."

Wannan abin nawa. Bai kira sunansa ba, amma na gane. Ranar na san cewa in an riga an shaide ka da hassada, ko wuta ka gani ka yi ihu, cewa za a yi hasken kake baƙin ciki da shi. Na hau na ɗaura katakon, na tokare tsakiyarsa da gora biyu, na ninka igiya. Iyakar abin da zan iya ke nan.

Ya yi kwanaki yana aiki a kai lafiya, kullum sai ya buga ƙafa a kansa ya leƙo ya ɗaga mini gira. Ranar da abin zai faru da hantsi ne. Leburori sun tara masa bulo a gefe guda, can wajen bakin katakon inda tokarata ba ta kai ba, shi kuma ya taka wajen zai ɗauka. Ba wata babbar ƙara aka ji ba, kamar an karya karan dawa ne. Ina ƙasa ina warware igiya. Na ɗaga kai na ga ƙanena a iska, hannuwa a baje, bulo na biye da shi. Ya daki hawan dandamalin da ke ƙasa da shi, gora ta juya shi, ya sauka a tsaye a kan tarin tsakuwa sannan ya kife. Wani lebura, Bobbo, bulo ya same shi a kafaɗa ya karya ta. Na ambace shi ne don ba wanda ke ambatonsa in ana labarin.

Ni na fara isa kansa. Idonsa a buɗe, bakinsa na motsi, ba magana. Na tallafe kansa ina kiran sunansa, ina kuka wiwi kamar yaro, ban damu da wanda ke kallo ba. A wannan lokacin ba abin da ke raina sai Allah ya bar mini shi. Wannan ma gaskiya ne, a haɗa da sauran.

Aka fara kai shi wajen maɗori. Mutumin ya taɓa ƙafafun, ya taɓa ƙugun, ya girgiza kai ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a nemi mota. A Zariya aka ɗauki hoto aka ce duga-dugansa biyu sun farfashe, ƙugu ya tsage. Ya daɗe a can. Matarsa Mukarrama na jinyarsa da rana, ni ke ɗaga shi in juya shi in kai shi bayi. Likita ya ce zai taka da sanduna in an yi haƙuri, amma hawa sama, ya manta da shi.

A gadon asibitin nan ya kama hannuna ya ce, "Yaya, Baba ya san katakonsa ne?"

Na ce ba wanda ya gaya masa tukuna.

"Kada a gaya masa. Zai kashe shi. A ce igiya ce ta kwance."

Na dube shi. "Wa ke ɗaura igiya a garin nan, Tanko?"

Ya kau da kai. Ya sani sarai. Haka dai aka yi. Liman ya ji ya ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, yana kwance a karye amma ubansa yake tausayi. Waɗanda suka ga katakon suka kama bakinsu, waɗanda ba su gani ba suka yi ta yaɗa maganar igiya har kasuwar Makarfi. Shi ya samu ladan jinƙai, ni na biya da sunana. Baba bai ce mini komai ba. Sai dai "Madalla" ɗin nan da nake samu in na gaishe shi, ita ma ta koma ɗaga hannu.

Da aka dawo da shi gida, sai ka ce daga Makka ya sauka. Zaure ba masaka tsinke. Mai ƙwai, mai zabuwa, mai fura, har daga Kudan mutane suka yi mota guda. Kowa ya zauna sai ya ce, "A ɗakin Allah ka faɗi, Tanko, kai kam ka gama samu." Baba ya sa aka kai masa buzunsa kusa da gadon, can yake yini yana shafa masa ƙafa yana tofa addu'a. Ina tsaye a bakin ƙofa da butar da zan wanke masa jiki, na ji a raina ina ma ni ne a kwancen. Mutum da ƙafafunsa biyu yana kishin gurgu. Na faɗa wa Asibi, ta ce in yi istigfari. Na yi, bai tafi ba.

Hasumiya ta yi damina guda a tsaye ba kai. Da rani ya dawo jama'a suka ce a ɗauko magini daga Ikara. A nan na miƙe a gaban dattawa na ce ba a yi haka ba, gidan Malam Ja'afaru ya fara, gidan Malam Ja'afaru zai ƙarasa. Wani ya ce, "To, wa zai ɗaura maka igiyar?" Aka yi 'yar dariya. Na haɗiye. Liman ya ce a ba ni.

Na kwance tsohon dandamalin kaf, na sake kafawa, kowace gora sai da na buga ta na ji muryarta. Na hau na fara jera bulo. A raina na ce wannan karon dole tsohon nan ya ɗaga kai, don duk garin ba abin da ya kai wannan tsawo.

Ban yi lissafi da Tanko ba. Kwana kaɗan da farawa sai ga shi an turo shi a keken guragu, an ajiye shi a inuwar darbejiya. Ya rame, ya yi baƙi, waƙa ta ƙare. Amma murya na nan.

"Yaya! Kusurwar gabas ta fita! Ja ta ciki!"

Ba ta fita ba. Na auna na sake aunawa.

"Kwaɓin nan ya yi ruwa! Kai, ƙara masa siminti! Yaya, a hankali, ba katanga kake ja ba!"

Kullum haka, tun safe har la'asar. Da farko na ɗauka taimako yake son yi. Daga baya na lura da yadda yake kallon ƙafafuna in ina hawa, irin kallon da mai azumi ke yi wa randa. Na san kallon nan. Shekara nawa ina yin sa. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji tausayi sosai ba, na dai ce ashe kai ma ka iya.

Ranar ƙarshe, ranar ɗora jinjirin wata na ƙarfe da mai walda ya ƙera, gari ya taru. Matasa sun ɗaga wayoyi. Aka jawo mini watan da igiya, na rungume shi, na zura shi a raminsa, na cika da kankare, na daidaita. Na leƙa ƙasa ina neman farar hular Baba. Na same ta. Yana zaune a kan buzu kusa da keken Tanko, ya juya wa hasumiyar baya. Na jira ya waiwayo. Aka yi kabbara, aka sake yi, bai waiwayo ba. Asibi ta ce daga baya tsoro ne ya hana shi, wai tun da na fara hawa bakinsa bai daina motsi ba. Ƙila haka ne. Ni dai ƙeyarsa na gani.

Kafin in gama saukowa jama'a sun yi wa keken zobe. "Sannu Tanko! Kana zaune ka gina hasumiya!" Wani dattijo ya ce ai da ba don idon yaron nan ba da ta karkace. Mutum biyu ko uku suka ba ni hannu, suka ce sannu da ƙoƙari. Tun a ranar sunan ya kama, hasumiyar Tanko, har yau haka ake kwatance da ita.

Na ratsa na durƙusa a gaban Baba, siminti har gwiwar hannu. Na ce, "Baba, an gama."

Ya laluba ya kama hannuna, ya murza tafin, ya ji kaushin. Ya riƙe shi ya ɗan daɗe. A raina na ce yau ce. Sai ya sake ni ya ce, "Rana ta yi wa ɗan'uwanka yawa. Kai shi gida."

Hanyar gidanmu yashi ne, mutum ɗaya ba ya iya tura keke a ciki, sai na goya shi. Ba nauyi, kamar na goya yaro. Da muka bar hayaniyar sai na ji bakinsa kusa da kunnena.

"Yaya."

"Na'am."

"Daga can ƙololuwa, me ake gani? Ni ban kai nan ba. Ana hango ƙarshen fadama? Ana ganin titin Makarfi?"

Na yi yini guda a wuri mafi tsawo a garinmu, ban dubi gabas ba, ban dubi yamma ba.

Na ce, "Ban duba ba."

"Ba ka duba ba?"

"Baba nake kallo."

Can na ji hannuwansa sun ƙara matse wuyana, wuyan rigata ya fara jiƙa.

"Ka hau har can," ya ce, "da ƙafafunka, ba ka duba ba."

Na gyara masa zama a bayana, muka ci gaba da tafiya.